Kotun Nan Ko Kotun Can

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙon "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi, ku sarara min haka nan. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Mai Kitso muguwa ce, ban ƙaryata ki ba, amma ki karanta wannan shafin tukuna, sannan ki gaya min da ke ce ya za ki yi.

Wanda yau ya fara shigo mana, ga inda aka kwana. Sannu-Sannu direban motar haya ne. 'Yan tasha ne suka laƙaba masa sunan, don tunda ya fara tuƙi ko kaza bai taɓa takewa ba. Ranar da tsautsayi ya faɗa, ya ɗauki Kanari, 'yar yayansa tilo, zuwa wani gari mai nisa, wai za ta sayo littattafan makarantar koyon jinya. A wata mararraba tirela ta yi ciki da su. Kanari ko shurawa ba ta yi ba. Shi kuma ya tashi da karyayyen ƙashin baya, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Direban tirelar yana kulle a can. Yau lauya za ta zo a yanke inda za a shigar da ƙara, Mai Kitso, matar Sannu-Sannu, kuwa tun asuba take kai-kawo.

*

"Sannu da zuwa Yaya! Maigida, Yaya ne, ga Yaya nan ya shigo!"

Haka Mai Kitso ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke tsallaken titi, alhali da ta miƙa hannu za ta taɓa labulen ɗakin.

Yaya ya tsaya ya dube ta.

"Na ji. Shi ma na san ya ji."

"Ruwan ya yi zafi, Yaya. Na sirka."

Ya naɗe hannun riga ya shige.

Yaya kafinta ne, ƙaton mutum marar yawan magana, kullum da garin katako a gashin hannunsa. Shi ya ƙera gadon da ƙaninsa ke kwance a kai, da makari a gefe don kada ya faɗo. Shi ya ƙera kujerar wanka. Tun da aka sallamo Sannu-Sannu daga asibiti, Yaya bai taɓa buɗe shagonsa ba sai ya biyo ta nan ya ɗaga shi, ya yi masa wanka, ya shafa masa mai a bayan da kwanciya ta fara cinyewa. Mutumin da ya binne 'yarsa ke nan fa. A gidansa ga uwar Kanari can kwance, tun ranar ba ta sake yi wa kowa doguwar magana ba.

Mai Kitso ta jingina da bango tana jin su.

"Riƙe wuyana."

"Na riƙe, Yaya."

"Ka ƙara ramewa."

"Zaman wuri ɗaya ne."

Sai ƙarar ruwa.

Wallahi duk safiya wannan ƙarar ruwan sai ta ji ta kamar a kan zuciyarta ake zuba shi. Da Yaya zagin su yake yi, da ta fi samun sauƙi.

Da aka gama ya sungumo shi kamar yaro, ya kawo shi falo ya zaunar a kujera, ya tokare shi da matasai ta ko'ina, ya gyara masa hula.

"Zan je bakin titi in shigo da lauyar, ba ta san lungun ba."

"Allah ya saka da alheri, Yaya."

Yaya ya saka takalmansa. Ya fita.

*

Tana jin ƙarar ƙofar gida ta rufe, ta zo ta durƙusa a gaban mijinta. Daidai saitin fuskarsa, don ta san nan ne kaɗai zai gan ta.

"Maigida, ka saurare ni da kyau. Idan ta tambaye ka, kalma ɗaya za ka faɗa. Nan. Kotun nan."

Ya kawar da kai.

"Ka ji ni?"

"Na ji ki."

"To maimaita."

"Haba Mai Kitso, yaro ne ni?"

"Da yaro ne kai ai da ka ji maganar likita."

Tana faɗa ta yi da-na-sani. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To bari in buɗe muku abin da mutum biyun nan ke rufewa, tunda an zo wurin.

Babu wani littafi da aka je saye. Idon Sannu-Sannu ne ke mutuwa. Hawan jinin ido, in ji likita, irin wanda ke cin gani ta gefe-gefe, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabansa tar yake ganinsa. Na dama da na hagu kuwa, ko giwa ce sai ta taɓa shi zai sani. Kanari ce ta fara ganewa, da ta ga kafaɗar Baba Ƙarami, kamar yadda take kiransa, ta faye dukan ƙyauren ƙofa. Ita ta nemo asibitin ido a can garin, nesa da idon 'yan tasha. Ita ta shirya ƙaryar littattafai. A asibitin aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido don a duba ciki, aka ce kada ya kuskura ya taɓa sitiyari ranar, kai, tuƙin ma gaba ɗaya ya haƙura da shi.

"Kanari ta ce mu bar motar mu shiga ta haya," Sannu-Sannu ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake. "Har da kamo min hannu. Na ce ni? In dawo tasha a kujerar fasinja, a tambaye ni ina motata, in ce me?"

"Na sani. Ka sha gaya min."

"Ta ce to ni zan zama idonka, Baba Ƙarami. Tana ta zuba kamar yadda ta saba. Mai keke ta dama. Rami a gaba. Yara ta hagu..."

"Maigida, don Allah."

"Sai wayarta ta yi ƙara. Ta sunkuya tana laluben jaka. Shi ke nan fa. Ni na shiga gaban mutumin nan, Mai Kitso. Hanyarsa ce. Ya yi ta danna oda, ni ban ma san ta ina take fitowa ba."

"Ka yi shiru, bango ma kunne gare shi."

"Kin san wa ya kira ta?"

"Na sani."

"Yaya ne. Yana so ya ji ko mun taso. Wannan kam ko za a yanka ni ba zai ji ta a bakina ba. Ke ma ban yafe ba in kika faɗa."

Ta goge masa hawayen da bakin mayafinta, da ɗan ƙarfi, don haushinsa take ji kuma tausayinsa na neman kashe ta.

"Akwai bawan Allah a kulle saboda ni," ya ce.

"Kamfani gare shi, za su fitar da shi."

"Da iyali fa?"

"Kai ba ka da iyalin?"

"Ina jin tsoron Allah, Mai Kitso."

"Ni ce ba na jin tsoronsa ko? Kullum goshina a ƙasa ina neman gafara. Amma ka gaya min, ranar da Yaya ya ji, wa zai ɗaga ka? Ni? Rannan da na gwada ba tare muka zube a banɗaki ba, sai da maƙwabta suka shigo? Ba mu da ɗa, ba mu da jika. 'Yar da muke gani mu ji sanyi ita ce ta tafi. Mutum ɗaya ya rage mana a duniyar nan, shi kake so ka soka wa wuƙa da bakinka?"

"Wuƙar ai na riga na soka."

"Bai san hannun wa ba ne. Ka bar shi a haka, rahama ce gare shi."

Sallama suka ji daga waje.

Ta miƙe zumbur, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta buɗe murya.

"Maraba, maraba! Maigida, Yaya ne da Lauya! Lauya, ga kujera nan, nan gabansa, ki zauna nan!"

*

Lauyar mace ce siririya mai tabarau, irin mutanen da ba sa ɓata lokaci a gaisuwa. Ta yi ta'aziyya, ta yi jaje, ta ɗora jakarta a cinya. Mai Kitso ta riga ta ajiye kujerar baƙuwa daidai saitin mijinta tun da safe. Ta Yaya ma ta ajiye kusa da ita.

Amma Yaya bai zauna a nan ba. Ya ja kujerar, ƙiiii, ya kai ta can gefen dama na ƙaninsa, jikin taga.

Mai Kitso ta bi shi da sauri.

"Yaya, rana za ta dame ka a nan."

"Ina son iska."

Lauya ta gyara tabarau.

"Baba, Mama, ba zan ja ku da nisa ba. Shari'ar da hukuma ke yi da direban tirela daban, wannan tana can, ba ruwanmu da ita. Tamu ƙarar neman haƙƙi ce, ta ran yarinya da ta lafiyar Baba. Ƙofa biyu doka ta buɗe mana. Ko mu kai ƙara inda abin ya faru, ko mu kai inda wanda muke ƙara yake zaune. Kamfanin tirelar kuwa babban ofishinsu a garin nan yake. Kun ga ke nan kotun nan ta halatta, kotun can ma ta halatta."

"To ai magana ta ƙare," Mai Kitso ta yi caraf. "Ga kotu a bayan gida, me zai kai mu uwa duniya?"

"Bari ta gama," in ji Yaya.

"Idan nan ne," Lauya ta ci gaba, "yawancin aikin na takarda ne. Rahoton 'yan sanda yana hannunmu, kuma ya fi karkata kan direban tirela, tunda gudu ya yi ya bar motar."

"Tsoron duka ne ya sa shi gudu," Sannu-Sannu ya faɗa can ƙasa.

Mai Kitso ta yi tari.

"Ko ma mene ne, Baba, gudun ya cuce shi. Shaidun can kuwa talakawa ne masu neman na yau, ba wanda zai rufe sana'arsa ya yi ta zarya zuwa nan. Kamfani kuma ba sa son sunansu a bakin mutanen garinsu. Ina kyautata zaton za su nemi sulhu, su sallame ku, su kori direban, a rufe magana."

"Alhamdulillahi," in ji Mai Kitso.

"Idan can ne fa?" Yaya ya tambaya.

"Can doguwar hanya ce. Alƙali zai iya tashi da kansa ya je ya ga mararrabar. Shaidu suna bakin ƙofa: mai shayin da ke wurin, mai facin taya, masu gadin asibitin idon da ke kan titin, har ma'aikatan asibitin, don an ce su suka fara fitowa taimako. Lauyan kamfani kuma ba zai zo da wasa ba. Zai tona komai. Birkin motocin, takardun tuƙi, lafiyar direbobin biyu, inda kowa ya fito da inda za shi."

Mai Kitso ta saci kallon mijinta. Ma'aikatan asibitin! Waɗanda suka ɗiga masa maganin da hannunsu.

"Can nake so," Yaya ya ce.

"Haba Yaya!"

"Inda jinin 'yata ya zuba, nan nake so a yi maganarta."

"Yaya, ka dubi ƙaninka. Mutumin da daga gado zuwa falo sai ya yi haki, shi za a ɗora a mota a yi ta jijjiga shi a wannan hanyar? So kake a ƙarasa shi?"

"Ni zan ɗauke shi. Na saba."

"Kuma ya sake ganin wurin da abin ya faru? Ko a mafarki ya gani sai ya farka yana ihu."

"Ya gani ɗin," Yaya ya maimaita, a hankali. "Eh. Ina so ya gani."

Wani abu a muryarsa bai kwanta mata ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta juya wajen lauya.

"'Yata, ke ce mai ilimin abin. Tsakaninki da Allah, wanne ya fi?"

"In don sauƙi ne da saurin gamawa, Mama, nan ya fi."

"Ka ji ko, Yaya?"

"In don a san abin da ya faru ne fa?" ya tambayi lauyar.

Lauya ta dube shi.

"Can."

"To."

"Yaya, sanin me kuma ya rage?" in ji Mai Kitso. "An san tirela ce. An san Allah ya karɓi abarsa. Tone-tonen nan zai dawo mana da Kanari ne? Ka tausaya wa uwarta mana, a gama a huta."

"Uwarta ba ta barci. Kullum tambayarta ɗaya: ya aka yi? Ni kuma ba ni da amsa."

Lauya ta duba agogon hannunta ta rufe biro.

"Ku biyu ne masu ƙara, kuma na fi so ku tafi da baki ɗaya. Baba kafinta ya faɗi nasa. Saura kai, Baba direba. Nan ko can?"

Kowa ya juya ga Sannu-Sannu. 

Mai Kitso ta matsa ta tsaya bayan kujerar lauya, inda idonsa zai same ta.  Leɓe kawai ta motsa.

Nan.

Sannu-Sannu ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. 

"Nan," ya ce. "Jikina ba zai iya tafiya ba, Yaya. Ka yi haƙuri. A yi a nan."

Wata ajiyar zuciya ta ƙwace mata. Kunya ta biyo baya, amma ta danne.

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya ɗora manyan hannayensa a kan gwiwa.

"Shi ke nan abin da za ka ce min?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Ba ka da wata magana da ni? Ka tuna da kyau. Ga lauya, ga matarka, ga ni. Babu bare."

"Babu, Yaya."

"To."

*

Yaya ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa.

"Ƙanina, dubi lauya."

"Ina dubanta."

"Kada ka juyo. Kada ka motsa kanka ko kaɗan."

Ya zaro wani abu ya ɗaga shi daidai kunnen ƙaninsa na dama. Kusa ƙwarai, har ya kusa taɓa hular.

"Mene ne a hannuna?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai Kitso ta dafe ƙirji. Daga inda take tsaye tana ganin abin sarai. Hoton Kanari ne, cikin fararen kayan makaranta, tana dariyar nan tata da ke fito da wushirya.

"Yaya, wane irin wasa ne wannan? Ai ko ni ce..."

"Ke!"

Bai ɗaga murya ba, amma sai da ta ja da baya.

"Kin yi masa ido ya isa haka. Tun da aka dawo da shi kike shelar sunana duk na shigo, kamar sabon ango. Kin ɗauka ban lura ba? Yau kam ki bar shi da nasa."

Lauya ta cire tabarau tana kallon wannan, tana kallon wancan.

"Ina jin ka, ƙanina. Yaron goye ma zai gani ta wutsiyar ido. Mene ne?"

Sannu-Sannu ya ƙura wa lauya ido. Ƙwayar idonsa na rawa, tana son zuwa gefe, yana riƙe ta.

Mai Kitso tana addu'a a ranta, ita kanta ba ta san me take roƙo ba.

"Waya ce," ya ce. "Wayarka ce, Yaya."

 

A hankali Yaya ya zagayo da hoton, ya kawo shi gaban fuskar ƙaninsa.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Sannu-Sannu, ba kuka ba, ba ihu ba. Ni dai ban san sunansa ba.

"Ta wannan gefen take zaune," Yaya ya ce. "Ta wannan gefen tirelar ta fito."

"Yaya..."

"Tun satin farko na fara zargi. In miƙo maka soso ta gefe, ka bar ni da hannu a sama. Rannan na shigo matarka ta fita awo, na tsaya jikin gadonka har na gaji, kana ta magana kai kaɗai, ba ka san da mutum ba. Na ce ko buguwar ce ta taɓa maka ido. Na yi ta ba ka uzuri."

Ya ci gaba.

"Sai aka kawo min jakarta. Na zazzage. Ba littafi ko ɗaya. Na ce ƙila ba su kai ga saye ba. Ranar da na ce muku zan je sarin katako, can na tafi. Na taka titin nan da ƙafata daga farkonsa har ƙarshensa. Babu shagon littafi a wurin, ko na jarida babu. Ƙofar asibitin ido ce kawai. Kuma mai shayi ya ce daga cikinta motarku ta fito."

Mai Kitso ta zube a ƙasa ta kama ƙafarsa.

"Yaya, ka yi wa Allah! Ni ce. Ni na hana shi faɗa. Wallahi ya so ya gaya maka, ko ɗazu sai da ya..."

"Sake min ƙafa."

"Ƙaddara ce, Yaya! Yarinyar nan tana kula da hanya, tana gaya masa komai, ba don wayar da..."

"MAI KITSO!"

Tunda aka yi aurensu Sannu-Sannu bai taɓa daka mata tsawa irin wannan ba. Har matashin da ke tokare da shi ya zame.

"Na ce ban yafe ba!"

Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Yaya ya dube ta, ya dubi ƙaninsa.

"Wace waya?"

"Babu wata waya," Sannu-Sannu ya ce, yana haki. "Ni ne. Likita ya ce kada in tuƙa. Ita ma ta ce kada in tuƙa, har roƙona ta yi. Girman kai ya sa na ƙi. Ni na shiga gaban tirelar. Ni na kashe maka 'ya, Yaya. Mutumin can ba shi da laifi."

Ga ta nan, ta fito. Maganar da Mai Kitso ta yi ta dannewa da ƙirjinta, ta fito a falonta, a gaban baƙuwa.

Ta ɗauka Yaya zai yi kuka. Ta ɗauka zai shaƙe shi. Da ya yi ɗaya daga ciki ma da ta samu abin kamawa.

Sai kawai ya mayar da hoton aljihu, ya danna maɓallin aljihun.

"Kullum ina cuɗa bayanka ina jira," ya ce. "In ce yau zai faɗa. Gobe zai faɗa. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, ni na goya ka. Wallahi da ka faɗa min da bakinka, ko sau ɗaya, ni da kai a banɗaki ba kowa, da na yi kukana na ce Allah ya jiƙanta. Yau ma sai da na ba ka ƙofa. Na ce can don in ga ko za ka ji kunyar yarinyar nan. Ka dubi matarka ka ce nan."

"Ka yafe min, Yaya."

"Yanzu? Da na kama ka?"

Jikin Sannu-Sannu ya fara sulalewa gefe, inda matashin ya zame. Ba shi da ƙugun da zai tare kansa. Hannun Yaya ya motsa da kansa, don sabo, har ya kai rabin hanya.

Sai ya tsaya. Ya mayar da hannun bayansa.

Mai Kitso ce ta rarrafa ta tare mijinta da kafaɗa, nauyinsa duka a kanta, tana jin ƙashinta na ƙara.

Lauya ta miƙe tana tattara jakarta, muryarta ta sauya.

"Baba, ina ganin mu dakata. Bayan abin da na ji, ba zan iya shigar da ƙarar kamfanin nan ba. Kuma akwai mutum a kulle, dole a..."

"Zauna, Lauya. Wancan bawan Allah ni da kaina zan je in faɗi abin da na ji, a sake shi. Amma ƙarata tana nan."

"Ƙarar wa kuma, Baba?"

"Ɗazu kin ce ana kai ƙarar mutum a inda yake zaune. Haka ne?"

"Haka ne."

Yaya ya dubi kujerar da ya ƙera da hannunsa, da wanda ke cikinta. Sannan ya sauke ido kan Mai Kitso, wadda ke durƙushe tana nishi a ƙarƙashin mijinta.

"To ki share hawayenki, Mai Kitso. Kin samu yadda kike so."

Ya ɗauki hularsa.

"Kotun nan za mu."